Matan Samowa da Riƙon Ƙasa

Samowa waɗansu tsibirai ne a tsakiyar tekun Fasifik. Manyansu biyu ne, Upolu da Sabai'i, babban birninsu kuwa Afiya. Wanda ya duba labarin ƙasar nan zai ga abu guda: duk sa'ad da maza suka rarrabu, ko aka fi ƙarfinsu, mata ne ke riƙe jama'a.

Mutanen Samowa suna da manyan sarautu huɗu, kowace da gidanta, ana ta yaƙi a kansu. Bisa ga labarin da kakanni suka bari, wadda ta fara haɗa su duka a hannu ɗaya mace ce, sunanta Salamasina, wajen ƙarni na 16. Ubanta sarkin A'ana ne, uwarta kuwa 'yar sarkin Tonga. Jinin sarauta ya taru gare ta ta kowane gefe, don haka manyan gidaje suka yarda da ita. An ce zamaninta zaman lafiya aka yi, kuma har wa yau manyan gidajen ƙasar suna kai asalinsu gare ta.

Sa'an nan ga sana'ar mata. Suna saƙa wata tabarma da ake kira 'ie toga. Sukan yanko ganyen wata itaciya mai kama da kaba, su jiƙa shi cikin ruwan teku, su shanya, su tsaga shi siriri, su yi ta saƙa wata da watanni, wani lokaci har shekaru, kana su yi mata ado da jan gashin tsuntsu. Ba a zama a kanta. Ita ce dukiyar da ake bayarwa wajen aure, da mutuwa, da naɗin sarauta. In mutum ya yi babban laifi, shi da danginsa sukan je ƙofar gidan wanda aka ɓata wa, su durƙusa, su lulluɓa da ita. In mai gida ya fito ya yaye ta, to, an yafe ke nan. Watau abin da hannun mace ya saƙa shi ke kashe wutar gaba. A shekarar 2019 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin kayan gadon duniya.

Da Turawa suka zo, Jamus ta mallaki yammacin tsibiran a 1900, Niyu Zilan ta karɓe a 1914. Mutane suka kafa jam'iyyar neman 'yanci, ana ce da ita Mau. Ran 28 ga Disamba, 1929, 'yan sanda suka buɗe wuta kan jerin gwanonsu a Afiya, aka kashe shugabansu Tupua Tamasese Lealofi na Uku da waɗansu mutane. Maza suka gudu cikin daji, sojoji suna farautarsu. Nan ne fa mata suka miƙe a 1930. Ala Tamasese, wadda aka kashe mata miji, da Rosabel Nelson, da Fa'amusami Faumuina suna cikin shugabanni. Suka riƙa yin taro, suna jerin gwano, suna rubuta kukansu ga hukuma. Da ba su yi haka ba, da muryar Mau ta ɗauke a lokacin da aka fi bukatarta.

Ran 1 ga Janairu, 1962, Samowa ta Yamma ta sami mulkin kai. Firayim Minista na farko ɗan Fa'amusami ne. 'Yarsa kuwa, Fiame Naomi Mata'afa, ita ce mace ta farko da ta hau wannan kujera, ta riƙe ta daga 2021 zuwa 2025. Ka ga jikar wadda ta yi jerin gwano a titin Afiya ta zo ta shugabanci ƙasar da kakarta ta nema wa 'yanci.