Equality Labs

Equality Labs ƙungiya ce ta kare haƙƙin 'yan Dalit da ke Amurka. An kafa ta a shekarar 2015, kuma Thenmozhi Soundararajan ce shugabarta. 'Yan Dalit su ne ke can ƙasa a tsarin da ya kasa al'ummar Indiya aji-aji bisa asalin haihuwa da sana'ar gado.

Cece-kuce

A shekarar 2022 kamfanin Google ya soke laccar da Soundararajan za ta gabatar, bayan wasu ma'aikatansa sun zarge ta da ƙin jinin addinin Hindu. Ƙungiyar Hindu American Foundation tana ganin irin wannan fafutuka tana shafa wa mabiya Hindu kashin kaji. Masu fafutukar kuwa sun ce da wariya suke yaƙi, ba da addini ba, domin ana samun tsarin har a tsakanin Musulmi da Kiristoci na Kudancin Asiya.

A watan Fabrairun 2023 birnin Seattle ya haramta wannan wariya. A watan Oktoban shekarar, gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya ƙi sa hannu kan irin wannan doka, yana mai cewa dokokin jihar sun riga sun hana ta.