Daga dandali zuwa aji: koyon rawar Lindy Hop

A 1926 aka buɗe gidan rawa na Savoy a unguwar Harlem ta birnin New York, a Amurka. Nan ne rawar bibbiyu, mace da namiji, wadda ake kira Lindy Hop, ta girma a hannun matasa baƙar fata. Gidajen rawa da yawa na ƙasar suna raba fari da baƙi a lokacin. Savoy ba ya rabawa.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne hanyar koyo. Saurayi yakan tsaya gefe ya kalli gwanaye a kusurwar da suka keɓe ma kansu, ya koma gida ya gwada, ya dawo ya nemi abokiyar rawa. In ya yi kuskure, idon jama'a ne zai gyara shi. Haka Frankie Manning ya koya.

Da aka rufe Savoy a 1958, wannan makaranta ta watse. Manning ya yi wajen shekara 30 yana aikin gidan waya, sai a 1986 wasu matasan malaman rawa daga Kaliforniya suka nemo shi. Ɗalibai na son a ƙirga masu taku, shi kuwa da kunne ya san rawar. Dole ya koyi ƙirga. Ya koyar har rasuwarsa a 2009, musamman a sansanin Herräng na ƙasar Suwidin.

A ganinmu, aji ya ceci takun, amma magada sun sauya: galibin ɗaliban farar fata ne masu biyan kuɗin darasi, nesa da Harlem.