Lambar da aka ce ba ta canjuwa

Kusan kowace na'ura mai shiga layin sadarwa tana zuwa da lambar shaidarta, wadda mu masu wannan sana'a muke kira adireshin MAC. Tushenta Ethernet ne, wanda Robert Metcalfe da David Boggs suka fara haɗawa a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka, a 1973. A 1980 kamfanonin DEC da Intel da Xerox suka fitar da ƙa'ida guda, tsawon lambar ya tsaya a bit 48. Daga bisani ƙungiyar IEEE ta karɓi rabon: ta ba kamfani rabin farko, shi kuma ya cike sauran, ya dasa a jikin katin sadarwa.

Shi ya sa ake ɗauka ba ta taɓuwa. Amma fa an bar ƙofa, domin akwai bit ɗaya a farkon lambar da ke nuna cewa mai gida ne ya sa ta da hannunsa, ba kamfani ba. Kai, DEC da kanta ta yi sauyin: a tsarinta na DECnet zubi na huɗu, kwamfuta na tashi sai ta ajiye lambar katin, ta ɗora wadda ta fara da AA-00-04-00.

Da intanet ya shiga gidajen Amurka, wasu kamfanoni suka ɗaure layi da lambar kwamfuta ɗaya tak. Sai na'urorin rarraba intanet irin su Linksys WRT54G ta 2002 suka koyi aron lambar kwamfutar. Daga jikinta kuma manhajar OpenWrt ta fito a 2004, kowa ya samu damar rubuta wa na'urarsa umarnin tashi.

Ni inda abin ya fi taɓa ni shi ne ƙananan allunan kwamfuta masu araha. Wasu ba a saya musu lamba ba sam. Ko dai duk su fito da lamba iri ɗaya, saƙon wannan ya riƙa faɗawa hannun wancan, ko Linux ya ƙago sabuwa a kowace kunnawa, na'urar ta ɓace maka duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita.

Maganin layi uku ne a fayil ɗin tashi: a sauke eth0, wato mashigar sadarwar allon, a ba ta lamba, a ɗaga ta. Sai dai dole a yi haka kafin ta nemi adireshin IP, in ba haka ba aikin banza ne. Nakan fara tawa da 02, don kada in shiga gonar wani kamfani, sauran kuma in ciro daga lambar siriyal ta allon, yadda biyu ba za su yi karo ba.