Manuwar da Ta Ɗauko Baƙin Sarkin Musulmi Bello

Masu nazarin dangantakar Daular Sakkwato da Ingila sun saba farawa daga ranar da Clapperton ya isa gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wannan takarda za ta ɗan ja baya, ta duba jirgin da ya kawo shi gaɓar teku a zuwansa na biyu, wato manuwar da ake kira Brazen.

An saka wannan jirgi cikin ruwa a Portsmouth a shekarar 1808, lokacin da Ingila ke fama da Napoleon na Faransa. Ƙaramar manuwa ce ta katako, ba ta da injin tururi, iska ce ke kora ta. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Amurka a 1812, aka tura ta gaɓar Amurka ƙarƙashin Kyaftin James Stirling, wanda daga baya ya zama gwamnan farko na Yammacin Ostireliya. A wannan shekara guguwa ta yi mata mummunar ɓarna kusa da bakin Kogin Misisifi. Ita ce kuma, a watan Fabrairu 1815, ta kai wa rundunar Ingila da ke gaɓar Amurka labarin sulhun da aka ƙulla a Ghent.

Abin da ya haɗa ta da ƙasar Hausa ya faro ne a 1824. A waccan shekara Bello ya karɓi Clapperton a Sakkwato, ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarki George na Huɗu, suka kuma yi magana a kan ciniki, da hana fitar da bayi ta teku, da aiko manzanni su sadu da Turawa a gaɓa. Saboda wannan alkawari Brazen ta bar Ingila a ƙarshen Agusta 1825, Kyaftin Willes na riƙe da ita, tana ɗauke da Clapperton da baransa Richard Lander da Kyaftin Pearce da likitoci biyu, Morrison da Dickson. A hanya ta yi ta farautar jiragen masu fataucin bayi.

Da suka iso gaɓa ba su tarar da manzon kowa ba, garuruwan da aka ambata a Sakkwato kuwa ashe ba a bakin teku suke ba. A ganina, nan ne raunin shirin duka yake: Bello bai san gaɓar ba, Turawa kuma ba su san inda ikonsa ya tsaya ba. Ayarin ya tashi daga Badagry a Disamba 1825, da wani Bahaushe tafinta, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pascoe, mutumin da manuwar Ingila ta taɓa kuɓutarwa daga jirgin bayi. Kafin wata ya ƙare Pearce da Morrison sun mutu.

Clapperton ya bi ta Kano ya sadu da Bello a 1826, ya tarar ana yaƙi da Shehu al-Kanemi. Bello ya hana shi wucewa Barno da kyaututtukan da ya ɗauko, maganar ciniki ta mutu, shi ma ya rasu a Sakkwato a Afrilu 1827.

Brazen kuwa ba ta sake fita yaƙi ba. An ɗaure ta a Kogin Thames aka mai da ita majami'ar matuƙan jirgi, har aka wargaza ta a 1848.