Yarinyar da Ta Taka Hanyar Gudu: Nana Asma'u da Waƙoƙin Yaƙi

A watan Fabrairun 1804 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta ɗaure kayanta ta bar Ɗegel zuwa Gudu, bayan zama ya gagara tsakaninta da Sarkin Gobir Yunfa. A cikin ayarin akwai 'yar Shehun, Asma'u, wadda aka haifa a 1793. Ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Shekaru huɗu da suka biyo baya ta yi su ne a sansanoni, ana tashi daga wannan zango a sauka a wancan. Tana cikin jama'ar lokacin nasarar Tabkin Kwatto a watan Yunin 1804, da lokacin asarar Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda aka ruwaito mutuwar kimanin mutum 2,000, har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Ta ga yunwar da ta kora jama'a zuwa Zamfara neman abinci, ta kuma ga faɗuwar Alƙalawa a 1808.

Mazan gidansu sun rubuta tarihin wannan yaƙi tun da wuri. Yayanta Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisur a 1812, baffanta Abdullahin Gwandu kuma ya tattara Tazyinul Waraƙati a 1813. Da Larabci suka rubuta, malamai ke karantawa. Asma'u ta jira fiye da shekara talatin kafin ta ba da nata bayanin, kuma da ta tashi sai ta zaɓi Fulfulde, ta zaɓi waƙa, wato abin da mace za ta haddace ta rera tana kaɗi ko tana daka.

Waƙar ita ce Filitago, ta 1839, wadda ƙanenta Isa ya mayar Hausa daga baya da sunan Waƙar Gewaye. Sunan kansa ya nuna inda hankalinta yake. Tafiya ce ginshiƙin waƙar: daga ina aka tashi, ina aka sauka, me ya faru a can. Fagen fama yana zuwa ne a matsayin zango ɗaya cikin zangunan hanya. Haka wanda ya bi ayari a ƙafa yake tuna yaƙi, domin shi abin da ya sani shi ne ɗaurin kaya da sauke kaya da jiran labarin waɗanda suka fita. Ta kuma ɗora tafiyar a kan ma'aunin sirar Annabi (SAW), hijira ta fuskanci hijira, Kwatto ta fuskanci Badar, don mai sauraro ya fahimci wahalar da iyayensa suka sha a cikin labarin da ya riga ya sani.

Ko da ta waiwayi yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawa da Abzinawa, ta ba ƙishirwa wuri mai faɗi. Runduna ta shiga busasshiyar ƙasa, ruwa ya yanke, Bello ya roƙi Allah, aka sami ruwa. A wurinta wannan karama ce. Mai karatu na yau kuma zai ga wani abu ƙari a ciki, wato mayaƙa a matsayin mutane masu maƙogwaro, waɗanda rashin ruwa zai iya kashewa tun kafin su haɗu da mashi.

Inda muryarta ta fi fitowa fili shi ne marsiyya. Waƙar makoki tsohuwar gona ce ta mata a adabin Larabci. Al-Khansa'u ta ƙabilar Banu Sulaim ta shahara tun kafin Musulunci saboda kukan da ta yi wa 'yan'uwanta Sakhar da Mu'awiya, waɗanda faɗan ƙabilu ya ci. Ita tana yabon jarumta da kyauta, tana zuga a ɗauki fansa. Asma'u ta bi wata hanya. Da Bello ya rasu a Wurno a 1837, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana jagorantar runduna, abin da ta fi lissafawa shi ne halinsa: iliminsa, adalcinsa, tsoron Allah da kula da mabuƙata. Yawan garuruwan da ya ci bai zama ma'aunin da ta auna shi da shi ba.

Sannan ta yi abin da ba a saba gani ba. Ta rubuta marsiyya ga matan da ba su da sarauta. Akwai Zaharatu, wadda ta yaba saboda tana karɓar haihuwa, tana wankan gawa duk lokacin da aka kira ta, tana koyar da waɗanda ba su sani ba. Akwai Hauwa'u, jajin da ke jagorantar matan ƙauye zuwa ɗaukar karatu. A ƙasar da ta yi shekaru tana binne mazanta, irin waɗannan mata ne suka riƙe gidaje da marayu. Littattafan tarihi sun adana sunayen masu tuta. Sunan mai wankan gawa kuwa, ba don waƙar Asma'u ba da ya bi iska.

Wajibi ne a faɗi ɗaya gefen. Asma'u 'yar gidan da ya ci nasara ce, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, kuma ta yi imani da jihadin ɗari bisa ɗari. A waƙoƙinta tana murna da karyewar abokan gaba, tana roƙon Allah ya ƙara karya su. Yaƙin da ta waƙe ya raba dubban mata da garuruwansu, aka kawo su gidajen Sakkwato da ƙauyukanta a matsayin ganima. Kukan matan Alƙalawa bai shiga takardunta ba. Duk wanda ya ɗauke ta mawaƙiyar ƙin yaƙi irin ta ƙarni na ashirin ya saka mata rigar da ba tata ba.

Amma ta ga matsalar da nasara ta haifar, ta kuma tunkare ta. Wajen ƙarshen shekarun 1830 ta kafa tsarin 'yan taru. Tana naɗa jaji da malfa da jan rawani, alamomin da mutanen Gobir suka sani a kan Inna, shugabar bori, sai ta juya ma'anarsu zuwa karatu. Jajis suna zuwa wurinta su haddace waƙoƙi, su koma ƙauyuka su koyar. Da yawa daga cikin masu sauraron Hausa suke ji, shi ya sa aka riƙa mayar da waƙoƙin Hausa. Ana iya kallon wannan a matsayin jinƙai ga waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita, ana kuma iya kallonsa a matsayin cikon aikin da takobi ya fara. Duka biyun suna da gaskiya a cikinsu.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Zuriyar Giɗaɗo ta adana takardunta, har Waziri Junaidu ya buɗe su ga Jean Boyd, wadda ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997. A yau ƙasar da Asma'u ta gewaya tana yarinya, daga gabashin Sakkwato zuwa Zamfara, ta sake cika da mata masu gudun hijira da kaya a ka da goyo a baya. Rahotanni suna kawo adadin waɗanda aka kashe. Sunayen zangunan da matan suka sauka, da sunan wadda ta wanke gawa a daren da aka kai hari, suna bakin matan da suka yi tafiyar, kamar yadda na Gudu suka zauna a bakin Asma'u shekara talatin da biyar kafin su hau takarda.