Zariya Ba Zango Ba Ce

Yawancin waɗanda ke cewa sun san Zariya, iyakar saninsu Kwangila. Mota ta taso daga Kaduna za ta Kano, a tsaya a sayi burodi da rake, a sha mai, a wuce. Wasu kuma sun yi shekaru suna karatu a Samaru, sun karɓi digiri sun koma garuruwansu, ƙafarsu ba ta taɓa ƙetare Ƙofar Doka ba, amma in hira ta tashi su ne kan gaba wajen ba da labarin Zage-zagi. Abokan wasanmu Kanawa ba ma ɗaukar tasu da zafi, tsokana ce ta gado, kuma muna ramawa. Sauran ne ya kamata a yi wa gyara, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Zazzau sunan ƙasa ne da sarautarta, Zariya kuwa babban birninta. A labarin Bayajida, Gunguma ɗan Bawo ne sarkin Zazzau na farko. Hedkwatar ƙasar ta yi ta ƙaura kafin ta zauna inda take yau. An zauna a Turunku, can kudu, an kuma zauna a gindin dutsen Kufena, wanda har yanzu ake hango shi daga yamma da gari. Jerin sarakunan Zazzau ya sa hawan Bakwa Turunku a wajen 1536, kuma shi ake danganta wa dawo da fada nan. Daga nan gardama ke farawa, don ko Bakwa ɗin ma ba a daidaita ba, wasu sun ce namiji ne, wasu sun ce mace. An dai yarda cewa Bakwa na da 'ya'ya mata biyu, Amina da ƙanwarta Zariya, wadda birnin ya ci sunanta.

A kan Amina kuwa an sha tawada. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci ƙasashe har Nufe da Kwararrafa, ana kawo mata gaisuwar bayi da goro. In haka ne, ta riga Bakwa da wajen shekara ɗari, to yaya za ta zama 'yarsa? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri, ya nuna yaƙe-yaƙenta sun kai Katsina da Kano, kuma a Atagara ta rasu. Sai kuma babban abin da masu musu ke riƙewa: jerin sarakunan Zazzau da aka adana a gida bai sa sunanta cikin waɗanda suka hau gado ba. Daga nan wasu masana suka ce 'yar sarki ce jaruma mai jan runduna, ba ta taɓa zama sarauniya ba, wasu ma suka zarce suka ce tatsuniya ce. Ni a ganina masu cewa tatsuniya sun yi gaggawa. Malaman Kano da Sarkin Musulmi Bello ba Zage-zagi ba ne, ba su da wata riba a ƙirƙira wa Zazzau jaruma, balle wadda ake cewa ta karɓi gaisuwa daga maƙwabtansu. Ga kuma tsofaffin ganuwowi a garuruwa da dama na ƙasar Hausa da har gobe ake kira ganuwar Amina. Ruwa ba ya tsami banza. Ko ta ɗaura rawani ko ba ta ɗaura ba, an ji tsoronta, kuma wannan ya isa. Abin da nake ƙi shi ne a mai da Zariya Amina kaɗai, a zana mace kan doki da takobi a jikin bango, a ce an gama tarihi.

Zariyar da muka gada ta samu siffarta ne bayan jihadi. Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya shigo birnin a farkon ƙarni na 19. Sarkin Haɓe Muhammadu Makau yana filin idi a bayan ganuwa lokacin da aka far masa, bai samu komawa fada ba, ya yi kudu da jama'arsa har Zuba. Ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Wancan garin ne yau ake kira Suleja, bayan an ɗauki sunansa an ba babban birnin tarayya, kuma sarkinsa har yanzu Sarkin Zazzau ake ce masa. Duk wanda ya rubuta Abuja a kan takarda, sunan ɗan sarkin Zazzau ya rubuta, ko ya sani ko bai sani ba.

A Kano da Katsina sarauta kan zauna a gida guda. A Zazzau gidaje huɗu ne: Mallawa, zuriyar Malam Musa, Barebari, zuriyar Yamusa wanda ya gaje shi a 1821, Katsinawa, zuriyar Abdulkarimu da ya hau a 1834, sai Sulluɓawa, da suka samu sau ɗaya ta hannun Abdussalami. Baƙo na ganin wannan kamar hanyar rigima ce, kuma ba a rasa rigimar ba, Sakkwato ta sha tuɓe sarki ta naɗa wani. Amma tsarin ya koya wa garin wani hali. Wanda ke kan gado ya san gobe tana iya komawa wani gida, wanda ke jira ya san bai fita daga lissafi ba, ga auratayya ta ɗaure kowa da kowa. Baturen nan M. G. Smith littafi guda ya rubuta a kan wannan tsari, aka buga a 1960. Mu Mallawa mun fi kowa sanin ɗacin jira. Sarki Aliyu Ɗan Sidi, jikan Malam Musa, malami kuma mawaƙi wanda har yau ake nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i, ya hau a 1903, Turawa suka tuɓe shi bayan shekara goma sha bakwai suka kai shi Lakwaja, can ya rasu. Daga nan sarauta ta yi ta zagaye tsakanin Barebari da Katsinawa. Ja'afaru ɗan Isiyaku ya yi daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu ya kai 1975, Shehu Idris ya shekara arba'in da biyar har rasuwarsa a Satumbar 2020. Sai a Oktobar 2020 rawani ya dawo gidan Mallawa, aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli. Shekara ɗari cur, kuma a tsawonsu Mallawa ba su daina zuwa fada gaisuwa ba. Mahaifin sabon sarkin, Magajin Gari Nuhu Bamalli, marubuci ne, ya kuma riƙe ministan harkokin waje a jamhuriya ta farko. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Cikin ganuwa, rayuwar jama'a a zaure take. A Unguwar Juma da Kona ana ɗaukar karatu tun kafin a san boko, almajiri ya taso daga Nufe ko Bauci ya zauna gaban malami shekaru yana bin littafi ɗaya bayan ɗaya, fiƙihu da nahawu da tafsiri. A wasu zaurukan kuma za ka tarar da maɗinka sun baje shadda a cinya suna aikin babbar riga da allura, kunne na kan rediyo, baki na kan siyasa. A nan ake sasanta ma'aurata, a nan ake haɗa gudummawar biki da ta rasuwa, a nan mai unguwa ke jin abin da ke gudana. Da azumi yara su fito tashe, da salla a yi hawa, a yi Hawan Bariki da Hawan Daushe, kowane hakimi da ayarinsa. Tsakiyar duk wannan shi ne masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu. Masana gine-gine daga ƙasashen waje sun zo sun auna bakan gizonsa, sun rubuta littattafai a kansa.

Jirgin ƙasa ya iso wajen 1911, shi ya haifi Sabon Gari da kantuna da ma'aikatar gurzar auduga, daga baya kamfanin taba. Tudun Wada ta tashi a matsayin masaukin 'yan Arewa baƙi. Ba zan daɗe a kansu ba, kasuwa ce da hayaniya kamar ta ko'ina, ko da yake Sabon Gari ce ta ba mu Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri saboda NEPU, yau kuma babban asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta. Wusasa ta fi cancantar a tsaya. Can mishan ɗin Dokta Miller suka koma a 1929 bayan sun bar cikin birni, suka gina cocin Bartholomew da tubalin ƙasa irin ginin Hausa. Ƙaramar unguwa ce, amma ta fitar da Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Hausawa Kirista da Hausawa Musulmi, da yawansu dangin juna ne, suna zuwa wa juna suna da jana'iza.

Abin da Arewa ta fi mantawa shi ne a Zariya ta koyi yin magana da kanta a rubuce. A farkon shekarun 1930 hukumar fassara ta dawo nan ƙarƙashin Rupert East. Gasar da ta shirya a 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. A Zariya Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam na editanta, mai karatu ɗaya ya karanta a zaure mutum goma su saurara, wasiƙu na zuwa daga kowane lardi. Kamfanin Gaskiya ya kafu a Tukur-Tukur a 1945, NORLA ta biyo baya da littattafan yaƙi da jahilci, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Inda ake rubutu kuwa ba a rasa muhawara. Sa'adu Zungur ya kafa ƙungiyar tattaunawa lokacin da yake koyarwa a nan, kuma a 1948 Dokta Dikko da abokansa suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama tushen NPC. Kwalejin Barewa ta dawo Zariya a 1949, jami'a ta buɗe a 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964. Tun a 1958 ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a nan, suka sauya fuskar zanen Nijeriya. Wane garin ne a Arewa, in ka cire manyan hedkwatoci, zai jera irin wannan?

To, yau ina muke? Gaskiya Ta Fi Kwabo an ɗauke ta zuwa Kaduna tuntuni, can ta yi ta ja da baya har ta daina fitowa. Tashar jirgin da ta tara Sabon Gari ta zama kufai, layin da ke zuwa Jos tun 1957 aka rufe shi. Ganuwa, wadda kakanninmu suka ɗebo ƙasa a ka suka gina, ruwan sama ya ci rabi, masu yankan fili sun ci saura, a wasu wuraren sai dattijo ya nuna maka da sanda ya ce nan take a da. Garin da Kubanni ta ratsa, Galma na gefensa, ga jami'a cike da injiniyoyin ruwa, shi ne garin da aka yi shekaru ana sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, kowace gwamnati ta zo da nata alkawarin famfo. Masana na Samaru, matsala na cikin birni, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci a mota, amma sai ka ce ba gari ɗaya ba.

Mafi ciwo shi ne ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, lokacin da wani sashe na masallacin Babban Gwani ya rufta kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Ginin ƙasa yana son yaɓe da duba duk shekara kafin damina, magina na gado sun san haka, kuma zuriyarsu na nan cikin gari. An tara kuɗin sake gini bayan abin ya faru, madalla, amma kuɗi ba ya dawo da hannun Durugu.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina kira ga fada, da jami'a, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗaliban Barewa da Alhudahuda, da attajiranmu da ke Abuja da Legas: a shata abin da ya rage na ganuwa a hana yanka shi, a tattara littattafan malaman Juma da Kona a ɗauki hotonsu kafin gara ta gama da su, a nemo tsofaffin kofen Gaskiya a ajiye a ɗaki guda cikin birni inda ɗan makaranta zai iya shiga ya karanta. Ba aikin da ya fi ƙarfin Zage-zagi ba ne, kuma ba wanda zai taso daga wani gari ya yi mana shi.