Wa Ya Yi Raunin? Nazari a kan Wasu Kalmomin Ingilishi

Ingilishi yana da tarin kalmomin da ke siffanta wanda ba ya tirjiya ko ba ya iya kare kansa: passive, vulnerable, docile, meek, supine, submissive. Ƙamus mai tara kalmomi masu kusancin ma'ana kan zuba su a akushi ɗaya, har ɗalibi ya ɗauka duk wadda ya tsamo daidai ce. A ganina wannan kuskure ne, kuma illarsa ba a jarrabawa take tsayawa ba. Wasu cikin kalmomin suna bayyana halin mutum ne, ɗaya kuwa tana bayyana halin da aka jefa shi ciki.

Asalinsu ma ya ishe mu shaida. Docile ta fito daga docere na Latin, wato koyarwa, don haka ma'anarta ta farko ita ce mai karɓar karatu. Yabo ce a da, yau ta koma siffar wanda ake juyawa yadda aka ga dama. Meek daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya ta shigo, inda take nufin taushi. Supine kuwa kwanciyar rigingine ce. Duk waɗannan sun ɗora abin a kan ɗabi'ar mutum.

Passive ta fi su zurfi. Tushenta pati ne, wato shan wuya, kuma daga wannan tushe patient ta tsiro, kalmar da Bature ke kiran majiyyaci da ita, ya kuma kira mai haƙuri da ita. Abin lura ne cewa harshe guda ya ɗaure jinya da haƙuri da rashin kataɓus da igiya ɗaya. Bahaushe bai yi haka ba: mai haƙuri a wurinsa jarumi ne mai dafa dutse, ba wanda aka kwantar ba. Gandhi ya ji wannan ƙaiƙayi tun yana Afirka ta Kudu. Gwagwarmayar da Indiyawa suka fara a Johannesburg a 1906 da farko an kira ta passive resistance, daga baya kuwa ya ƙi sunan, domin yana nuna makamin raunana ne da suka rasa yadda za su yi. Ta jaridarsa Indian Opinion aka nemi sabon suna, aka tsaya a kan satyagraha, riƙo da gaskiya. Mutumin da ya miƙa kansa ga kurkuku da gangan ai ba a ce masa marar kataɓus.

Vulnerable ce ta bambanta, kuma ita ce ta fi damuna. Tushenta vulnus, rauni irin na sara ko suka. Ta bayyana a wasan Macbeth na Shakespeare, wajajen 1606, a fagen yaƙi, inda ake zancen kan da takobi ke iya ci. Ɗafin da ke ƙarshenta yana nuna yiwuwa ne, kusan aikin da aji na bakwai na aikatau ke yi a Hausa bisa rabon F. W. Parsons na 1960: cutu, taɓu, karyu. Kalmar ba ta ce mutum rarrauna ne ba. Cewa ta yi akwai kafar da za a iya cutar da shi ta nan. Sadauki ma yakan shiga wannan siffa idan sulkensa ya ɓule. Duk inda aka ambaci yiwuwar sara kuwa, akwai mai riƙe da takobi, ko da ba a faɗi sunansa ba.

Nan ne batun ya iso gidanmu. Kalmar ta cika rahotannin hukumomin agaji, masu fassara a rediyo da jarida kuma sukan ce masu rauni. Da farko sai a ga an dace ƙwarai, tunda rauni a Hausa yana nufin miki, daidai da asalin Latin. Matsalar ita ce rauni yana kuma nufin rashin ƙarfi, kuma wannan ma'anar ce kunne ke fara kamawa. Sai matar da ta goyo ɗa ɗaya, ta riƙo biyu, ta yi kwanaki a ƙafa daga ƙauyen Barno zuwa Maiduguri ta wayi gari sunanta mai rauni. Ina raunin yake? An ƙone rumbunta, an raba ta da gonarta da danginta. Fassarar ta ɗauke ido daga wanda ya yi ɓarnar, ta mayar da shi kan wadda aka yi wa.

Marasa galihu ta ɗan fi kusa, domin tana nuni da rashin majingina, amma ta fi karkata ga talauci. Ni da za a tambaye ni, da na zaɓi jimla mai tsayi a kan kalma ɗaya: waɗanda ke cikin haɗarin cutuwa, ko waɗanda aka bari ba kariya. Mai karanta labarai zai ƙara daƙiƙa biyu, amma mai saurare zai tambayi wanda ya bar su.